Daga Ayarin Fatake Zuwa Garkuwa Da Bayanai: Tarihin Shirin Tsaro A Hanyar Malanville

1.0 Gabatarwa

Garkuwa da bayanai wani nau'in fashi ne da ake yi ta hanyar kwamfuta. Ɓarayi sukan saci hanya su shiga kwamfutocin wata ma'aikata ko wani kamfani, su saka muguwar manhaja da za ta kulle duk takardu da lissafin da ke ciki, sannan su bar saƙo cewa ba za su ba da makulli ba sai an biya su kuɗin fansa. Kayan aikin sababbi ne, amma Bahaushe ya daɗe da sanin fashi da fansa, ya kuma daɗe da sanin yadda ake shirya mutane domin su tsare dukiya a kan hanya. Wannan takarda ta ɗauki garin Malanville na Jamhuriyar Benin a matsayin wurin nazari, saboda hanyar da ta ratsa yankinsa ta ga zamanin jaki, ta ga zamanin mota da takarda, yanzu kuma tana cikin zamanin kwamfuta. Tarihin ya nuna cewa waɗanda suka fi tsira daga hari su ne waɗanda suka raba aikin tsaro a tsakaninsu tun kafin harin ya zo.

2.0 Malanville Da Hanyar Da Ta Ratsa Ta

Malanville tana cikin lardin Alibori, a ƙarshen arewacin Benin, a bakin Kogin Kwara. Gada ce ta haɗa ta da garin Gaya na Jamhuriyar Nijar, kuma daga Gaya ba a yi nisa ba ake shiga Kamba ta Jihar Kebbi a Nijeriya. Tsakaninta da Kwatano akwai tafiyar fiye da kilomita 700. An samo sunan garin daga sunan Malan, wani gwamnan Faransa da ya mulki Dahomey a farkon ƙarni na 20. Mutanen Dendi da Zabarmawa da Fulani da Hausawa da Yarbawa duk suna zaune a cikinta, kuma kasuwarta tana cikin manyan kasuwannin ƙasar, inda ake cinikin albasa da shinkafa da masara da garin rogo da gwanjo.

Garin ya bunƙasa ne a zamanin mulkin mallaka. Da layin dogo ya tashi daga Kwatano ya kai Parakou a shekarun 1930, sai manyan motoci suka riƙa ɗaukar kaya daga can zuwa bakin kogi. Ta wannan hanya aka riƙa fitar da gyaɗar Nijar zuwa teku. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN domin kula da jirgin ƙasa da sufuri. Tun daga lokacin har zuwa 2023 tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce ta kasance babbar ƙofar da Nijar take shigo da kaya, gadar Malanville kuma ta zama maƙogwaron wannan hanya.

An ga muhimmancin gadar a fili bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta saka wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a Malanville na tsawon makonni, kayan abinci suka lalace, mutane suka koma tsallaka kogi da kwale-kwale. Ko da aka janye takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar kuwa ta bar nata a rufe. Siyasa ce ta jawo wannan tsaiko, amma ya nuna irin asarar da ake yi idan hanya guda da kowa ya dogara da ita ta toshe.

3.0 Yadda Fatake Suke Shirya Tsaron Ayari

Tun kafin a gina gada, fataken Hausa suna tsallaka Kwara a mashigai irin su Gaya da Illo da Yawuri, su ratsa ƙasar Borgu ta Kandi ko Nikki, su yada zango a Djougou, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja domin sayen goro. Wannan fatauci ya yi ƙarfi ƙwarai a ƙarni na 19, kuma Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da shi. Sukan tafi da kanwa da tufafi da kayan fata a kan jakuna da alfadarai da takarkarai. Ayari ɗaya yakan kai mutum dubu ko fiye, kuma zuwa da dawowa yakan ci watanni da yawa.

Dazuzzukan Borgu sun yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi, saboda haka ba a tashi sai an tsara shugabanci. Madugu shi ne shugaban ayari, shi yake yanke shawarar hanyar da za a bi da ranar da za a tashi, kuma idan abu ya ɓaci maganarsa ce ake bi. Jagaba yana gaba yana duba hanya, ya san rafuka da mashigai da wuraren da ake yin kwanton ɓauna. Uban dawaki yana kula da tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya da masu fito a bakin kogi. Akwai kuma malamin ayari, wanda yake rubuta lissafi da wasiƙu, yake kuma yi wa tafiya addu'a. Maza suna riƙe da kwari da baka da takubba. Idan an sauka a zango, akan tara kaya wuri ɗaya, a ɗaure dabbobi, a sa masu gadi har gari ya waye.

Abu biyu ne ya riƙe wannan tsari. Na farko shi ne labari. Masu masauki a zangunan Hausawa da ayarorin da ake gamuwa da su a hanya su ne suke faɗin inda aka yi fashi jiya da garin da ya shiga yaƙi. Na biyu shi ne kowa ya san aikinsa tun daga gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

3.1 Fansa A Zamanin Da

Duk da wannan shiri, akan kama mutane. A Daular Sakkwato fansar Musulmi ɗan asali da aka kama abu ne da shari'a ta sani, kuma dangi sukan tara wuri ko tufafi ko dabbobi su karɓo nasu. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya kawo labarin yadda mahara suka kwashe mutanen gidan su Baba a ƙasar Zazzau, aka bi sawunsu, aka biya wuri mai yawa kafin a sako su. A irin wannan ciniki akwai mai shiga tsakani wanda ɓangarorin biyu suka sani, kuma idan an biya, mutum yakan dawo gida da ƙafarsa, kowa ya gan shi. Ya kamata a riƙe wannan, domin nan ne fansar bayanai ta sha bamban da fansar mutum.

Fataucin ƙasa zuwa Gwanja ya ja baya bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da kuma lokacin da aka fara kawo goro ta teku zuwa Legas, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911.

4.0 Asalin Garkuwa Da Bayanai

A yau kayan da ke bin hanyar Kwatano zuwa bakin Kwara suna tafiya ne tare da bayanansu. Sunan mai kaya, lambar kwantena, kuɗin kwastan, lambar mota da izinin wucewa, duk a kwamfuta ake shigar da su. Idan bayanan suka kulle, mota ba ta motsawa ko da gada a buɗe take. Wannan ne ya sa tarihin garkuwa da bayanai ya shafi gari irin Malanville.

Harin farko da aka sani ya faru ne a Disambar 1989. Wani masanin halittu Ba'amurke mai suna Joseph Popp ya aika da faifan kwamfuta kimanin 20,000 ta gidan waya ga masu bincike a kan cutar ƙanjamau. Duk wanda ya saka faifan, bayan ya kunna kwamfutarsa sau 90 sai sunayen takardunsa su ɓace, a nemi ya aika da dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. Makullin bai da ƙarfi, masana suka buɗe shi cikin sauƙi. Haka kuma karɓar kuɗi ta gidan waya yana tona asirin ɓarawo.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin daga baya. Ɗaya shi ne makullin lissafi mai ƙarfi wanda ba ya buɗuwa sai da mabuɗin da ke hannun ɓarawo. Ɗayan kuma shi ne kuɗin intanet na Bitcoin da ya fito a 2009, wanda ake iya karɓa daga ko'ina ba tare da zuwa banki ba. Manhajar CryptoLocker ta haɗa waɗannan biyun a 2013. Ranar 12 ga Mayun 2017 kuma manhajar WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Abin lura shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin da zai toshe ɓarakar tun watan Maris na shekarar, amma ma'aikatu da yawa ba su saka shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Daga 2019 ɓarayin suka ƙara wata dabara. Kafin su kulle bayanai sai su kwashi kwafinsu, su ce idan ba a biya ba za su baza su a intanet. Ke nan ko an biya an karɓi makulli, kwafin yana nan a hannunsu, kuma babu mai shiga tsakani da zai tabbatar sun goge shi.

5.0 Hare-Haren Da Suka Shafi Sufuri

Ranar 27 ga Yunin 2017 wata manhaja da aka kira NotPetya ta bazu daga Yukren. Ta nemi fansar dala 300, amma an gina ta ne domin ta lalata bayanai, saboda haka wanda ya biya ma bai sami komai ba. Cikin waɗanda ta kama har da Maersk, babban kamfanin jigilar kwantena na ƙasar Denmak. Ƙofofin tashoshinsa suka tsaya, motoci suka yi cirko-cirko. Sai da kamfanin ya sake ɗora manhaja a kan manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana goma, ya kuma yi asarar da ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya cece shi kwafi ɗaya ne na rajistar da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izininsu, wanda ya tsira a wani ofishinsa na Afirka ta Yamma saboda an ɗauke wuta, kwamfutar ba ta kan layi a lokacin da harin ya wuce. Sa'a ce ta ba su wannan kwafi. Daga nan masu tsaro suka ƙara riƙe ƙa'idar ajiye kwafi da gangan a wurin da layi bai kai ba.

A Yulin 2021 aka kai wa Transnet hari, wato kamfanin gwamnatin Afirka ta Kudu mai kula da tashoshin jiragen ruwa. Aikin kwantena ya tsaya a Durban da Cape Town da wasu tashoshi, ma'aikata suka koma rubutu da hannu har kusan mako guda.

A Mayun 2021 kuma aka kai wa kamfanin Colonial Pipeline na Amurka hari ta wata tsohuwar kalmar sirri da ba a soke ba. Kamfanin ya rufe bututun mansa na kusan kwana shida, ya biya kimanin dala miliyan 4.4, makullin da aka ba shi kuma ya zo da nawa ƙwarai. Wannan misali ya shafi yankin Malanville kai tsaye, domin bututun mai mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem a Nijar ya ratsa arewacin Benin zuwa Sèmè a bakin teku, kuma a Mayun 2024 aka yi lodin jirgin farko. Irin wannan bututu da kwamfuta ake lura da shi.

6.0 Shirin Da Ƙasashe Suka Yi

Tawagar farko ta kai ɗauki ga kwamfutoci an kafa ta ne a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1988, bayan wata ƙwayar cutar kwamfuta ta durƙusar da wani ɓangare na intanet a watan Nuwamba. Daga nan ƙasashe suka yi ta kwaikwayo. Nijeriya ta yi dokar laifuffukan intanet a 2015, tana kuma da tawagar ngCERT a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya wajabta kai rahoton hari cikin awa 72. Benin ta zartar da kundin dokar harkokin sadarwar zamani a Afrilun 2018, tana da tawagar bjCSIRT, kuma a 2022 ta haɗe hukumominta na wannan fanni a cikin hukumar ASIN. Nijar ta yi tata dokar a 2019. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014, ta fara aiki a Yunin 2023. A watannin Satumba da Oktoban 2024 'yan sandan duniya na Interpol da Afripol sun gudanar da wani samame mai suna Serengeti a ƙasashen Afirka 19, aka kama mutum 1,006 da ake zargi da laifuffukan intanet, har da garkuwa da bayanai.

Waɗannan hukumomi suna zaune ne a manyan birane. Ofishin da ke bakin iyaka, mai nisan kilomita 700 daga Kwatano, shi zai fara ganin hari, kuma abin da ma'aikatansa suka yi a awar farko shi zai nuna girman ɓarnar.

7.0 Shirya Tawagar Tsaro

7.1 Rabon Aiki

Tawagar tsaro tana buƙatar shugaba guda da aka ba shi ikon rufe layi ba tare da jiran izini daga sama ba, kamar yadda madugu yake da ikon sauya hanya. Tana buƙatar masu sa ido da ke karanta rajistar shige da fice ta kwamfutoci dare da rana. Tana buƙatar mai kula da ajiya, da kuma marubuci da zai rubuta abin da ya faru da lokacinsa, ya sanar da hukuma da abokan hulɗa. Lambobin wayar waɗannan mutane da matakan da za a bi, a kan takarda ake ajiye su, domin ranar hari ba a iya buɗe abin da ke cikin kwamfuta.

7.2 Gano Hari

Sau da yawa ɓarayi ba sa kulle bayanai ranar da suka shiga. Hukumar lafiya ta ƙasar Ailan misali ce. Wani ma'aikaci ya buɗe wata takarda da ta zo da wasiƙar imel ranar 18 ga Maris ɗin 2021, ɓarayin suka zauna a ciki har mako takwas, sai ranar 14 ga Mayu suka kulle komai. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa na'urori sun yi ta ba da gargaɗi, amma ba a ɗauki matakin da ya dace ba. Gwamnati ta ƙi biyan fansa, kuma gyaran ya ci kimanin wata huɗu.

Alamomin da ake koya wa masu sa ido sun haɗa da shiga kwamfuta da tsakar dare da sunan wanda ba ya aiki a lokacin, ɓullar sabon suna mai babban izini wanda ba wanda ya ƙirƙira, kashe manhajar kariya, goge kwafin ajiya, da fitar bayanai masu yawa zuwa wurin da ba a sani ba. Ƙaramin ma'aikaci da ya taɓa abin da bai kamata ba, dole ya sami sakin jikin da zai faɗa nan take. Idan yana tsoron hukunci zai yi shiru, shirunsa kuma shi ne lokacin da ɓarawo yake buƙata.

7.3 Mayar Da Martani

Matakin farko shi ne a zare kwamfutar da ta kamu daga layi domin kada cutar ta bazu. Masana sun fi son a bar ta a kunne idan zai yiwu, saboda kashe ta yakan goge shaidar da masu bincike za su nema. Daga nan a sanar da shugaba da tawagar ƙasa ta waya, kada a yi amfani da imel ɗin ma'aikatar, domin mai yiwuwa ɓarayin suna karantawa. Sai a gano ƙofar da suka bi a toshe ta, a sauya duk kalmomin sirri, sannan a dawo da bayanai daga kwafi mai tsabta. Ƙa'idar ajiya da aka saba da ita ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Kafin a yi tunanin biyan kuɗi, ana duba shirin No More Ransom da 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa tare da wasu kamfanoni a 2016, wanda yake ba da makullan wasu manhajojin kyauta.

7.4 Atisaye

Duk wannan ba ya aiki sai an gwada shi. Akan ware rana a ce yau kwamfutoci sun kulle, a ga wa zai kira wa, a ga ko kwafin ajiya yana buɗuwa da gaske, a ga awa nawa za a ɗauka, a ga kuma ko ma'aikata sun iya sallamar mota da fom na takarda. A wuri irin Malanville atisayen yana da ƙarin wuya. Aikin ya haɗa kwastan da banki da ƙananan ofisoshin masu fitar da kaya da kamfanonin mota, ana magana da Faransanci da Hausa da Dendi da Zabarmanci, kuma rauni a ofishi ɗaya yana iya zama ƙofar shiga sauran. Idan dangantakar gwamnatoci ta yi tsami, labarin hari ba ya saurin tsallaka kogi, alhali labari shi ne abin da fatake suka fi dogara da shi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda hanyar da ta ratsa yankin Malanville ta tashi daga ayarin goro zuwa motocin gyaɗa, zuwa kwantena da bututun mai da kwamfuta take tafiyar da su. An ga kuma yadda garkuwa da bayanai ta taso daga faifan gidan waya na 1989 har ta iya tsayar da tashoshin jiragen ruwa a 2017 da 2021. Fansar bayanai ba ta da tabbacin da fansar mutum take da shi a da, saboda haka nauyin ya koma kan shiri: shugaba mai iko, masu sa ido da ake sauraron gargaɗinsu, kwafin da layi bai kai gare shi ba, da atisaye a kai a kai. Abin da ya sami Durban da Maersk gargaɗi ne ga duk mashigar da ta dogara da kwamfuta, kuma Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.